Rabon Kawu Mareko

Kawu Mareko ya bar ƙasar Samoa yana birnin Sidni, don haka Pisila ta ajiye kwamfutarta a mazauninsa a taron dattawa, yana kallonsu ta bidiyo.

Da aka fara rabon ava, ruwan wata saiwa mai kashe jiki da ake sha a taro, aka kira sunansa. Tsoho Iosefa ya karɓi ƙoƙon a madadinsa, ya ɗiga wa tabarma kaɗan bisa al'ada, ya tuttule sauran a kan kwamfutar.

Fuskar Kawu ta ɗauke ɗif.

"Wayyo Baba, ka kashe min kwamfuta!" Pisila ta kife ta tana zazzagewa.

"Lafiyarta ƙalau, 'yata," in ji Iosefa. "Mareko ne. Tun muna samari ƙoƙo ɗaya ke kwantar da shi."