Haƙori Uku, Kafireta Biyu

A duk faɗin Batsari, kai har Safana da Zakka, ba a yi bakaniken babur irin Mati Kunne ba. In ka yi musu, shi da kansa zai zaunar da kai ya jero maka hujjoji har la'asar. Bai taɓa zama a aji ba, kunne Allah ya ba shi. Babur na tahowa tun daga tasha zai ce fulogi ne, a kwance a tarar fulogin ne. Ɓarayin daji sun riƙe shi kwana arba'in da ɗaya, ya dawo da ƙafarsa, da haƙori uku a baki, yana cewa su ne suka gaji da shi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, gindin bindigar da ya zubar masa da haƙora ya tafi da kunnen hagu, na dama ma sai an yi masa magana kamar ana kiran na nesa. Matarsa Tasalla kaɗai ta sani.

Wata Talata da hantsi sai ga surukinsa Tayyib, malamin makaranta a Runka, mijin ɗiyarsa ta fari Bara'atu, yana turo wani jan babur zuwa rumfar da ke ƙofar gidan. Irin na 'yan tsere ne, tsoho, daga Katsina aka kawo shi. Kafireta biyu gare shi masu shayar da injin mai, shokazoba mai tare girgizar hanya kuwa guda ɗaya ce tal a ƙarƙashin kujera.

Tayyib ya cire takalmi ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi, ya shiga bayani da muryar da ko ƙudan da ke kan hularsa sai ya matso zai ji. Ko leɓensa Mati bai gani ba, balle ya tsinci magana. Kalma uku ya kama: Runka, gudu, baya.

"Na ji, na ji," in ji Mati. "Tashi ka tafi. Jibi ka zo ka hau iska."

Ya fara da shokazoba. Ya kwance ta, ya danne sifirin ya zare, ya tsiyaye tsohon man da ya koma kamar ruwan kwata. Ya sa sabuwar robar da ke tare mai, ya ɗura sabon mai, ya sake bushin. Sannan ya murɗe zoben sifirin tamau, yadda 'yan tsere ke so, don baya ya tsaya ƙyam a kan kwana. Ya hau ya yi tsalle a kai. Ko motsi.

"Dutse," ya ce wa kansa. "A Katsina ma sai dai su kalla."

Tasalla ta fito da kwanon fura. Ta danna kujerar da tafin hannu, ta dube shi, ta zagayo ta kunnen dama.

"Malam, mi yaron nan ya ce maka?"

"Gudu yake so."

"Ni da ke bayan zana na ji, kai da ke gabansa ba ka ji ba. Ɗiyarka zai ɗauko, goyon ciki. Wata takwas. Ya ce a-kori-kurar Runka sau biyu ana tare ta a watan nan, shi ya sa ya nemi abin da babur ɗin mutanen daji ba zai kamo ba. Ya ce in ya murɗa totur da sauri sai injin ya shaƙe ya mutu, baya kuma ya yi ta dukan mutum. A kan wannan turmin za ka ɗora mai ciki?"

Mati ya ajiye sifana. Kwana arba'in da ɗaya a daji gabansa bai faɗi irin haka ba. Ya san hanyar, ya san gangaren rafin da aka tare shi. In injin ya shaƙe a wurin, shi ke nan.

"Ai na ji," ya ce a hankali. "Gwada ki nake."

"To na ci jarrabawa. Sai ka kwance."

Ya sassauta zoben. Ya kira Rabe mahauci, maƙwabcin rumfarsa, mai tsawo da nauyin Tayyib, ya zaunar da shi a gaba. Ya sauke shi ya ɗaure buhun gero a baya, ya ƙara tiya huɗu a ƙunshin zane.

"Wannan ƙarin fa na mene ne?" in ji Rabe da ya sake hawa.

"Fasinja na uku. Bai biya kuɗin mota ba."

Ya auna saukar bayan da karan dawa, yana murɗawa yana sassautawa, har ya zamana in an danna sai ya sauka a hankali ya taso a hankali, kamar kan raƙumi.

Saura kafireta, inda sunansa yake. Washegari ya kwance su duka biyu, ya wanke da fetur, ya zare silin waya ya bi 'yan ƙananan ramukan da mai ke bi, ya busa, ya mayar. Ya buga kik, babur ya tashi. Ya ga bututun salansa na rawa, ya ga hayaƙi. Amma wace ce ke gaba, wace ce ke baya a cikin biyun, wannan aikin kunne ne. Ya kara kunnen dama. Guuu kawai, kamar an kifa masa ƙwarya.

Ya daɗe a tsugune. Can ya tuna a daji, da kunnen ya mutu, in ya kwanta haɓarsa a ƙasa yakan ji tahowar baburan ɓarayin a cikin ƙashin kansa. Ya ɗauko dogon sukudireba, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa uku.

Sai ga injin a tsakiyar kansa, tar. Kafiretar hagu tana ɗingishi, mai ya yi mata yawa. Ya juya ɗan sukurun rubu'in zagaye, ya ƙara ɗan kaɗan. Ya koma kan ta dama. Biyun suka haɗu suna tafiya tare kamar masu lugude a turmi ɗaya. Ya fizgi totur, babur ya yi kuka bai ko tari ba. Ya fizga sau goma.

Rabe yana kallo daga kan teburinsa. "Baba Mati, yunwa ce ta kai ka ga cin ƙarfe? Ga tsire."

"Sabon ilimi ne, daga Japan. Kai ina ka sani."

Alhamis Tayyib ya karɓa ya tafi. Jumma'a tun da safe Mati ke kan benci yana fuskantar hanya, da sifana a hannu, ba abin da yake kwancewa. Furar da aka kawo masa har ta tsinke. Tasalla na tsaye a bakin zaure. Wajen sha ɗaya ta ɗaga kai.

"Ga su nan."

Jan babur ya shawo kwana a hankali. Bara'atu ta sauko da kanta, ta dafa ƙugu, tana dariya. Muryar uwarta gare ta, ba sai ta maimaita masa ba.

"Baba, a gangaren rafi babura uku suka ɓullo daga daji. Ko su ne, ko manoma ne, ba mu tsaya tambaya ba. Ya murɗa, sai na ga itatuwa na komawa baya. Ramukan kuwa ban san mun wuce su ba."

Mati ya ajiye sifanar a kan benci. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya goge ido da hannun riga wai hayaƙi ne. Tayyib ya durƙusa, kai a ƙasa, ya fara godiya ƙasa-ƙasa.

"Malam Tayyib, ɗago kanka," in ji Mati. "Daga yau in za ka yi mani magana, yi ta kamar kana gaban aji. Na yafe kunyar."

Sannan ya juya wajen Rabe. "Ni fa tun daga Runka nake jin tahowarsa."

Tasalla ta karɓi ƙunshin kayan ɗiyarta. "Ƙwarai kuwa," ta ce. "Sai ka sha furarka."