Sakin Takarda

Biron ya ƙi rubutu, sai da Braimah ya karta shi a bayan hannunsa sannan ya sake miƙa wa matarsa.

"Sa hannu nan, Zalika. Paper ne kawai na court. Auren masallaci yana nan, babu mai taɓa shi."

Shekara goma sha huɗu suna tare a ɗakin nan na unguwar Morrisania. Ita ta yi masa takardun zama a Amurka, tun yana tallan jakunkuna a titin Canal. Yanzu ya yi shago, ya yi tumbi, rawanin sarkin ƙungiyarsu ta 'yan zango, Hausawan Kumasi da Accra, yake so. Mutanen Kumasi na bayansa, na Accra kuwa sai abin da Alhaji Abubakar ya ce. Alhajin ya gindaya sharaɗi: Braimah ya auri ƙanwarsa Sauda, bazawarar da bizarta ta ƙare, aure na kotu, ta samu takarda. Dokar ƙasar kuwa mace ɗaya ta sani, don haka sai ya saki Zalika a takarda.

"Don haɗin kan jama'a ne," in ji shi. "Ke ce uwargida har abada."

Ta sa hannu don tana son sa. Wauta ce, amma yaushe so ya taɓa neman shawarar hankali?

* * *

Aikin Zalika jinyar tsofaffi ne a gidajensu. Tsohuwar da take jinya a lokacin, Madam Rosa, malamar tarihi ce da ido ya tafi ya bar ta da baki. Kullum labarin Rumawan dā take yi, Zalika na shafa mata mai a ƙafa.

Wata rana ta ba ta labarin wani babban sarkin Rum da ya so ɗaure magajinsa a gidan sarauta. Ya sa shi ya saki matar da yake ƙauna, ya auri 'yar sarki. Daga baya magajin ya hangi tsohuwar matar tasa, ya bi ta da ido cike da hawaye. Daga nan aka tabbatar bai ƙara ganin ta ba.

Hannun Zalika ya tsaya. "Ya karɓi mulkin?"

"Ya karɓa."

"Ita matar fa, me ta ce?"

Madam Rosa ta yi tsaki. "Wa ya tambaye ta, balle ya rubuta?"

Zalika ta ce a ranta ai wannan mutanen dā ne, marasa addini. Nata mijin ya koma unguwar Concourse Village wurin Sauda ne kawai saboda masu binciken shige da fice. Wata huɗu ke nan.

* * *

Ranar naɗi ta dafa tukunya uku ta wake da shinkafa, ta ɗaura leshin da suka dawo da shi daga hajji. A zauren da aka kama haya, kujera biyu ta gani a kan dandamali. Ta nufi ta biyun, Alhaji Abubakar ya tare ta da sandarsa.

"Hajiya, wurin iyali ne."

"Ni wace ce, in ba iyali ba?"

Ya yafito liman. Liman ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

"Hajiya, saki ba a wasa da shi. Ya rubuta, ya sa hannu, ya saku. Idda ta cika bai mayar da ke ba. Tun farko na gaya masa."

Ya gaya masa. Ashe tun ranar da biron ya ƙi rubutu Braimah ya sani. Ta juya ta fuskanci taron.

"Ku duka kun sani! Kun sayar da aurena kun sayi rawani, kuma kuka bar ni na dafa muku abincin biki!"

Masu ganga suka ƙara ƙarfi. Wasu mata biyu suka riƙe ta suna cewa ta yi haƙuri, kada ta ɓata taro. Daga kan dandamali Braimah yana kallon ta ta ƙarƙashin sabon rawani, idonsa jawur, hawaye na gangarowa cikin gemu. Bai tashi ba. Kukansa ya fi komai ƙona mata rai, don kukan bai rage shi da komai ba.

"A kai ta kicin," in ji Alhaji Abubakar. "Tana ɗauke wa Sarki hankali."

Aka ja ƙofar. Tukwanenta uku na jere a kan tebur, an kwashe su tas. Wata baƙuwa ta leƙo da faranti a hannu.

"Baiwar Allah, akwai saura? Matar Sarki ba ta samu ba."