Kyamarar da Ta Kwana da Kabeji

Nevena, 'yata, ta dawo daga makarantar zane ta nan Plovdiv da wata magana mai nauyi. Duk mai son shiga ajin ɗaukar hoto sai ya kawo hotunan gwaji da ya ɗauka da kyamarar fim, irin wadda ake juya zoben gabanta da hannu har abu ya fito ras. Bara ta faɗi wannan jarrabawar shiga. Ta kuma rantse in ta sake faɗuwa za ta bi ƙawarta Jamus wankin kwanuka. Ni kuwa ita kaɗai gare ni.

Na ce, "Kwantar da hankalinki, akwai ta kakanki a ɗakin ƙasa."

A ɗakin ƙasan nan, wato na ƙarƙashin gida, gangar kabejinmu take. Duk kaka nakan cika ta da kabeji da ruwan gishiri, ya yi tsami mu ci har sanyi ya wuce. Kamar kowa, nakan zura tiyo har gindin ganga in hura da baki don ruwan ya motsa, ya yi ta ɓulɓula yana fantsama. Kantar da kyamarar take kuwa daidai saman gangar take, shekara da shekaru.

Da na sauko da ita sai da na kau da kai. Jakar fatar ta yi kore, tana danƙo, tana wari kamar tsumman wanke-wanke. Na ɗaga gilashin gabanta wajen fitila, na ga fumfuna ta yi saiwa a ciki, farare sirara kamar gashin tsohuwa.

Na kira Yordan, ƙanin matata, tun da shi ne ke cika mana kunne da zancen kyamara a kowane biki. Ya zo da kwalba a aljihu.

"Zenit-E," ya ce, yana juya ta a hannu. "A 1965 aka fara fitar da ita, aka ƙera miliyoyi. Ka ga tagar nan a goshinta? Ita ke auna haske, ba ruwanta da batir. Sai daga baya aka yi Zenit-TTL, mai auna haske ta cikin gilashi. Jamusawa kuma suna can da Praktica tasu."

"Yordan, ban kira ka darasi ba. Dubi abin da ke ciki."

"Kai ne dai ka mai da ita kabeji. Wa ke ajiye kyamara a kan ganga in ba kai ba, Minko?"

"Za ta gyaru ko ba za ta gyaru ba?"

Ya zaro kwalbar. Barasar innabi ce da yake dafawa a ƙauye. Da ita muke shafa ƙirjin mai tari, da ita muke wanke ciwo, da ita uwata ke goge taga.

"Abin da wannan bai kashe ba, babu shi," in ji shi.

Ya warware gilashin daga jikin kyamarar, ya tsiyaya masa ta gaba da baya, ya kurɓi ragowar. Fumfunar ko gezau. Sai ma ruwan ya shige ciki ya narkar da tsohon man zoben, man ya malale a kan gilashi, ya bar wani hazo rawaya kamar kitsen miya da ya kwana. Yordan ya duba, ya ce yana da uzuri, ya fice.

Nevena ta shigo ta ɗauka, ta sansana, ta yamutsa fuska.

"Baba, wannan kyamara ce ko abin ci da giya?"

"Kawunki ne ya gyara."

"Na ji warinsa."

Lokaci ya ƙure, babu inda za mu samo wata. Ta sa fim, ta tafi kasuwa ta ɗauki matan da ke sayar da barkono. Da aka wanko hotunan na kasa kallonsu sau biyu. Fuskoki sun dushe, haske ya jiƙe, ga zaren fumfuna kwance a kan goshin wata baiwar Allah kamar tsutsa. Na fara tunanin jakar da zan saya mata ta tafiya Jamus.

Ranar sakamako na raka ta. Malamin ya fito, wani dogo da gyale a wuya cikin zafin nan, riƙe da hotunanta da yatsu biyu.

"Kai ne mahaifinta? Yarinyarka tana da ido. Dubi yadda ta sa abin yau ya zama kamar tunanin da ya fara ruɓewa. Da me ta yi wannan hazon?"

Na buɗe baki, Nevena ta taka mini ƙafa.

"Sirrin gida ne, Malam," ta ce.

An ɗauke ta. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma da na dubi hotunan nan manne a bango, mutane suna gyaɗa kai a gabansu, sai na ji warin jakar fatar ya dawo mini a hanci.

Da na ce zan wanke ɗakin ƙasa in shafa farar ƙasa, Nevena ta hana. Yanzu kyamarori uku na 'yan ajinsu suna kan kantar, an cire musu murfi, suna jiran fumfuna. Yordan yana gaya wa kowa shi ya ƙirƙiro dabarar, har yana kai musu kwalba.

Bana ma na cika ganga, ina hura tiyo kamar kullum, gilasai uku suna kallona daga sama. Kabejin ya yi kyau, in ji matata. Ni dai ban iya kai shi baki ba.