Tokar da Wada Ya Zuba a Fili

Kwana uku ke nan Wada mai ga-ruwa yana dawowa gida da garwa biyu a cike. Duk ƙofar da ya buga a unguwar Utaibiyya sai a ce masa akwai ruwa. Matarsa Ramlatu ta san ƙarya ce, a wannan zafin na Makka.

Kafin su iso, sun yi shekara huɗu a Sudan, Wada yana gyaran wani ƙaton filin ƙwallo da tsere na majami'ar Kiristoci. Da samarin Utaibiyya suka ji, suka roƙe shi ya shata musu fili a bayan gari. Ya ja igiya biyu kamar yadda aka koya masa, duk inda suka gitta ya zuba toka. Sai Dawuda, abokin sana'arsa, ya bi gida-gida yana cewa Wada ya zana gicciye a ƙasa mai tsarki.

Wada ya ce a bar wa Allah. Ramlatu ta ja lulluɓi, ta ɗauki igiyar da kwanon toka, ta nufi zauren Malam Yunus, dattijon unguwa. Dawuda na zaune a gefe.

"Baba, ga igiya, ga toka," in ji ta. "A ba Dawuda ya shata fili mai kusurwa huɗu, kada layi ya taɓa layi."

"Ke, da maza kike magana," in ji Dawuda.

"Na sani. Da yunwa ta kwantar da kai a hanyar Sudan, wa ya ciyar da kai in ba Wada ba? Ranar ba ka tambayi inda hatsin ya fito ba."

Malam Yunus ya dubi saƙar tabarmar da yake zaune a kai, inda kaba ke gitta kaba. Ya ce babu laifi a kan Wada, amma a share alamun, bakin mutane ya mutu.

Ramlatu ta share alamun. Ta haɗa da layukan gefe, da da'irar tsakiya, da gidan mai tsaron gida, har tsintsiyarta ta ƙare.

Washegari garwar Wada ta dawo babu ɗigo tun kafin azahar. Da la'asar samari suka yi sallama, suna neman ya sake shata musu.

Ramlatu ce ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Igiyar na wurin Dawuda."