Inda Jan Rana Yake Ƙarewa

Yayata Hamsatou ba ta taɓa kiran sunan 'yarta Oumaima ba. 'Yar fari ce, kuma a Maraɗi inda muka tashi, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". To amma yarinyar nan a Greensboro ta Amurka aka haife ta, inda iyaye ke manna sunan 'ya'yansu har a bayan mota. Na sha gaya wa Hamsatou, sai ta ce in rufa mata baki.

Oumaima ta karanci ilimin taurari a jami'a. Da ta sami gurbin bincike a Arizona, sai ta ce in ta tafi ta tafi ke nan. Na same ta a ɗaki tana haɗa kaya, na hau ta da faɗa.

"Anti, kin san wata yana nisantar duniya?" ta ce. "Kowace shekara kamar rabin yatsa. Ba wanda ya kore shi. Ita ma rana nauyinta na raguwa, riƙonta na sassautawa, duniyoyin da ke zagaya ta suna ta ja baya a hankali."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba."

"Can nesa, bayan dukkansu, akwai dunƙulen ƙanƙara da rana ke riƙe da su da ƙyar. In wani tauraro ya gifta, sai ya fizge su. Nan ne iyaka, Anti, inda ba ka ƙara jin ana jan ka." Ta ja zif ɗin akwatin. "She never said my name. Mama ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko sau ɗaya."

Na san da gaske take.

Da safe ta tafi tasha ita kaɗai. Uwar kuwa tana kicin tana dakan dambun naman da ba mai ci. Raina ya ɓaci, na ƙwace taɓaryar na maimaita mata maganar 'yarta kaf, na jawo ta mota ko takalmin kirki ba ta sa ba. Duk fitilar da ke titin Elm sai da ta tsayar da mu.

Mun iske ana shiga bas. Hamsatou ta hango jan mayafin 'yarta a kan layi.

"Ke! Ke!"

Ba wanda ya waiwaya.

"Yaya, don Allah ki kira sunanta," na ce. Ina kuka a lokacin.

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ƙofa ta rufe, bas ta ja.

Na kira wayar yarinyar, ba ta ɗauka ba, na'ura ta ce a bar saƙo. Na miƙa wa yayata. Ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Oumaima," ta ce, a hankali. "Oumaima."

Ba ta da sauran abin faɗa. Haka ta yi ta maimaitawa har na'urar ta katse ta.