Takardar Bagobira

Tahira ce kaɗai Bagobira a ma'aikatar gyaran irin gero da ke bakin Sabon Gari. Kullum da safe kabu-kabu ke ɗauko ta daga Tsibiri, tana sauka Katsinawan Maraɗi su yi mata caa: "Ga baiwarmu ta iso!" Ita ma ba ta raga musu. Wasa ne na kaka da kakanni, kuma wallahi tana jin daɗinsa.

Maman Lawali, shef, wato shugaban sito, shi ya ɓata abin. Nasa wasan ba ya tsayawa a baki. Sai ya tare ta tsakanin buhuna, ya kai yatsa kumatunta wai yana ƙirga tsagar Gobirawa. Ran nan hannun ya wuce kumatu.

Akwai akwatin koke kore a ƙofar biro, wato ofishin darekta, an kafa shi shekara biyu ba wanda ya taɓa jefa komai. Tahira ta ji tsoron rasa aikinta, amma ta rubuta, ta sa suna.

Aka kira taro. Maman Lawali ya buɗe hannuwa: "Haba jama'a! Abokiyar wasata ce fa. Yaushe aka fara kai ƙarar taubashi?"

Darekta bai yi dariya ba. Ya ba shi gargaɗi a rubuce, ya manna sanarwa cewa an hana wasan da bai dace ba. Gaskiya ɗaya ce, daga ranar Maman Lawali bai ƙara taɓa ta ba.

Sai dai ba wanda ya ƙara tsokanarta. Ta sauka kabu-kabu, shiru. Matan da suke cin kwano ɗaya da ita suka koma cewa "Sannu Madam", kamar baƙuwa. Wata ta ce a bayan idonta, wanda ya kai wasa gaban hukuma ai ba a san ranar da zai kai gaisuwa ba. Kai, mutane! Wanda ya yi laifin yana nan ana shan shayi da shi. Tahira kuwa ta koma cin kopto, kwaɗon zogale, ita kaɗai gindin dogon yaro, abin yana ci mata rai.

Da kaka ta yi, aka ɗauki sabuwar mai tankaɗe, Ramatu, ita ma daga Tsibiri. Cikin kwana uku aka ba ta labarin komai. Ran na huɗu Tahira ta hango Maman Lawali ya tare ta a ƙofar sito yana cewa, "Tsaya in ƙirga."

Ramatu ta dubi akwatin. Ta juyo ta dubi Tahira da kwanonta gindin itace, ba kowa kusa da ita. Sai ta sunkuyar da kai ta yi dariya.

Tahira ta rufe kwanon, ba ta ci ko rabi ba.