Katangar da Gwadabe Ya Yaɓe

Duk Ƙofar Na'isa babu wanda bai san Falmata 'yar Baba Kyari ba, malamar jami'ar nan da ta shekara takwas tana kiwon tsutsa. Haka ake tsokanarta, ita kuwa ko a jikinta, don gaskiya ce. Tsutsotsin nata sirara ne kamar zare, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. A cikin ƙasa ta ɗebo su, daga wani fako mai kanwa can bakin Tafkin Chadi, ƙasar kakanninta, inda zafin rana ke hana ko ƙadangare tsayawa.

Kai, halittar nan akwai abin mamaki! Idan ƙasa ta bushe sai su nannaɗe su bushe ƙayau, ba ci ba motsi, shekara da shekaru. Ranar da ruwa ya taɓa su sai su miƙe abinsu. Falmata ta gano rabin sirrin: kafin su bushe, kowace ƙwayar halitta ta jikinsu tana haɗa wani irin sukari, ya maye gurbin ruwan, ya daskare kamar alewa, ya riƙe komai a mazauninsa. Ɗaya rabin ne ya gagare ta. Ta iya tashinsu, amma mayar da su barci ya faskara. Duk waɗanda ta busar a ɗakin bincike mutuwa suke yi. Ta san a hankali suke son bushewa, to amma injin da ke daidaita danshi ya lalace tun tsakiyar mulkin soja, ba wanda ya waiwaye shi. Ga shi saura sati shida farfesan da zai duba aikinta na digirin dakta ya iso. In ba ta nuna masa tsutsar da ta kwantar ta kuma tasa ba, shekara takwas sun tafi a banza.

Sauran ƙasar buhu ɗaya ne tak, ta ajiye shi a ɗakin zauren gidansu, saboda yawan rufe jami'a da ake yi. A watan Mayun da soja za su miƙa mulki ga farar hula, ta tare a gidan wata abokiyar aikinta sati biyu tana rubutu. Ranar da ta dawo, kowane shago rediyo na ta zancen rantsar da gwamna, ita kuwa ta wuce ɗakin zaure kai tsaye. Buhu na nan a ninke, an kakkaɓe shi tas.

"Baba, ina ƙasata?"

Baba Kyari ya ɗago daga littafin da yake dubawa. "Wace ƙasa? Au, ta buhu? Ai Gwadabe ya ce bai taɓa ganin mai laushinta ba. Birjin yaɓenmu ya gaza, damina ga ta a ƙofa, na ce ya haɗa da ita. Je ki ga katangar yamma yadda ta yi kyau."

Falmata ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, kun kashe ni!"

Malam Gwadabe tsohon magini ne daga Ƙofar Wambai, shi ke yi wa gidan yaɓe duk shekara tun Falmata na goye. A ranar ma yana tsakar gida, yana jiƙa makubar da zai shafe katangar da ita don kada ruwan sama ya ci ta. Falmata ta tsaya a kansa, ta manta da furfurarsa, ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba. Ta ce ya kwaɓa mata rayuwa da ƙafa, ya liƙa a bango. Da ta kai aya, tsohon ya dube ta.

"Ki yi haƙuri, Malama. Wallahi ƙasa na gani. Amma ban wulaƙanta ta ba, kwana bakwai na yi ina lallaɓa ta."

"Lallaɓa ta kamar yaya?"

"Ai mai kanwa ce, tana da zuciya. In ka bar rana ta buge ta farat ɗaya, tsagewa za ta yi. Sai na rufe ta da jiƙaƙƙun buhuna da tabarmi. Kullum da asuba in kara kuncina in ji sanyinta, in rage buhu ɗaya, in rage yayyafi. Sai rana ta bakwai na yaye ta."

Falmata ta lissafa a ranta: ruwan kwaɓi ya tashi tsutsotsin, sannan sun yi kwana bakwai suna bushewa a hankali. Ta dubi katangar, sumul, ko tsaga ɗaya babu. Ta dubi kwaryar makuba.

"Ka shafa mata wannan?"

"Yanzu dai zan fara."

"Don girman Allah kada ka fara!"

Ta ruga ɗaki ta ɗauko tsohon madubinta mai aiki da hasken rana, ta kafa shi a kan turmi. Ta kankaro ƙasa kaɗan da wuƙar kicin, ta zuba a faranti, ta ɗiga ruwan randa. Aka yi azahar ba labari. Duk ɗigon da ta duba, ga su nan a nannaɗe kamar gawa. Tana jin kunyar abin da ta faɗa wa tsohon, tana kuma tsoron sa rai. Sai dab da la'asar ɗaya ta ɗan karkaɗa jela. Can ta warware, ta yi miƙa, ta kama iyo. Kafin a idar da salla a masallacin unguwa Falmata ta ƙirga arba'in da uku, hawaye ya hana ta ci gaba.

Abin da injin Turawa ya mutu ya bar ta da shi, tsoho ya yi shi da buhu da kunci, bai ma san ya yi ba. Ta je gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Baba Gwadabe, ka yafe mini. Zo ka ga aikinka."

Ya goge hannu a riga, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ikon Allah! Da ransu na yaɓe su? Kuma suka yi shiru abinsu, ba su mutu ba?"

"Da ka gaggauta da sun mutu. Kai ka ba su lokacin shiri. Ina so ka koya mini, rana ɗaya bayan ɗaya, in rubuta, da sunanka a kai."

"Wannan mai sauƙi ne. Sai me kuma?"

Ta sunkuyar da kai. "Ƙasar nake so, Baba. Dukkanta. Kafin ruwan farko ya tashe su."

Gwadabe ya juya ya dubi katangar. Ya shafa ta da tafin hannu tun daga sama har ƙasa. Shekara hamsin yana gini, ya ce, bai taɓa fitar da yaɓe kamar wannan ba, bai kuma taɓa sa ƙarfe a jikin aikinsa ba. Baba Kyari ya ce a kira wani ya kankare.

"A'a, Alhaji. Wani zai ji musu ciwo." Gwadabe ya tuɓe hula ya miƙa wa Falmata hannu. "Ba ni wuƙar, Malama. Shimfiɗa tabarma a ƙasa, ki tare."